Barewar da ta Mutu a Shingena

Maza biyu sun hana ɗiyata romo tana jego, kuma har yau ban yafe musu ba. Ɗaya ƙanen mijina ne, ɗayan wani mafarauci daga wajen Safo. Na Safo ya rasu, Allah ya jiƙansa, amma wautar da ya yi tana nan daram a raina. Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma tun da hannuna ya saba da biro nake cewa sai na rubuta wannan magana.

An gama girbin gero ke nan, dammuna sun shiga rumbu. Ɗiyata ta fari ta zo gida wankan jego. Ta zubar da jini sosai wurin haihuwa, in za ta miƙe sai ta dafa bango. Likita a Madarunfa ya ce a ba ta nama. Mijina ya tafi ci-rani Najeriya, kajina kuma ciwo ya share su tun damina. Abu guda mai fuka-fuki da ya rage a gidan shi ne jan zakaran ƙanen mijina. Na roƙe shi, ya ce ba na ci ba ne, na maganin farauta ne, da shi dawa take ba shi sa'a. Mutumin da tun da aka kawo ni gidan ban ga ya shigo da abin da ya fi zomo ba.

Wata rana ina lambuna kusa da tabki ina ban ruwan albasa, da wuƙar da nake yankan zogale soke a zanena, sai na ji ihu da haushin karnuka. Kafin in ajiye guga, barewa ta taho tana jan ƙafa ɗaya, ta yi tsalle za ta ƙetare shingena, ƙaya ta riƙe ta, ta faɗi ciki. Rabona da ganin barewa tun ina budurwa. Na dube ta, ban ga kyanta ba, tukunya na gani.

A garinmu, in dabba ta faɗi a gonar mutum ana ba shi cinya. Amma sauran naman na wanda ya fara yi mata rauni ne, kuma shi ke sa wuƙa. In ka bari wani ya yanka, ka amsa cewa tasa ce.

Ƙanen mijina ya iso yana haki, na Safo a bayansa, layu sun rufe masa damtse, kowa da jama'arsa.

"Karena ya kama ta," in ji ƙanen mijina. "Ga shaidar haƙori a cinya."

"Karenka gurguwa ya tarar," in ji na Safo. "Gorata ta karya mata ƙafa tun a fako."

"Gorarka da na ga ta bugi kalgo? Je ka yanka kalgon, naka ne."

Na ce, "Ku yanka ta tukuna, ku yi faɗan a kan nama. Numfashinta ya yi sama."

Ƙanen mijina bai ko dube ni ba. "Matar yaya, koma ga albasarki. Wanga ba zancen mata ba ne."

"Mijin banza, albasar da kuke tsaye a kanta?"

Ya zaro wuƙa, na Safo ya cafke masa wuyan hannu. Na Safo ya zaro tasa, ƙanen mijina ya cafke. Suka tsaya haka riƙe da juna kamar masu rawar biki, suna zagin kakannin juna. Na ce to wani daga cikin jama'a ya yanka mana. Aka ce ba ya yiwuwa, duk wanda ya yanka, ɓangarensa ya ci. Wani ya ciro salula zai kira tsohon maharbi a Gabi ya raba gardama. Babu rezo, kira bai shiga ba. Ya hau tudu yana ɗaga ta sama, ƙattai suka bi shi da kallo, barewa tana shure-shure a bayansu, kumfa na fita a bakinta.

Ni ba ni da ɓangare. Na durƙusa, na juya kanta gabas, na zaro wuƙar zogale. Ban kai ga wuyan ba na ji hannu biyu a kaina. Sun saki juna, ni suka riƙe.

"Inna, a'a," in ji na Safo. "Mace ba ta yanka. Za ki haramta mana nama."

"Gaskiyarka, ɗan'uwa," in ji ƙanen mijina.

Ɗan'uwa. Mutumin da ya gama zagin kakanninsa yanzun nan. Duk yinin ranar a kan wannan kaɗai bakinsu ya zo ɗaya. Suka karɓe wuƙar suka jefa bayan shinge, suka koma ga haƙori da gora. Ina durƙushe, tafin hannuna a kan haƙarƙarinta, ina jin yana tashi yana sauka, har ya sauka bai sake tashi ba. Na ce musu ta mutu. Sai da na faɗa da ƙarfi kafin su ji.

Suka ɗora ta a amalanke zuwa ƙofar liman, wai ko akwai wata dabara. Na bi su. Liman ya fito bayan la'asar, ya saurari kowa, ya ce, "Kun same ta da rai?"

Suka ce e.

"Da wuƙa a jikinku?"

Nan ma suka ce e.

"To mushe ce. Ku ba karnuka."

Mata ba su magana a wannan dakali, amma na yi. Na ce, "Allah gafarta malam, da ni na yanka fa?"

Ya ce, "In kin ambaci sunan Allah kin yanke maƙogwaro da jijiyoyi, halal ce. Yankan mace yana ciwuwa."

"Shekara nawa muna yawo da kaza gida-gida muna neman namiji, ba ku taɓa faɗa ba?"

"Ba a taɓa tambayata ba," in ji shi, ya gyara rawani ya shige.

Na ɗauka kunya za ta rufe bakin mutanen nan. Ina juyawa na ji sun fara sabuwa: karnukan wa za su fara ci. Na bar su a nan. Ɗiyata ta ji labarin barewa tun kafin in iso, na tarar ta sa an wanke babbar tukunya an kife. Tuwo da miyar kuka na kai mata. Ta ci loma kaɗan, ta ce ya yi daɗi, ta juya ga bango da jaririnta.

Washegari da hantsi na wasa wuƙata a bakin turmi, na watsa tsaba a tsakar gida. Jan zakara ya taho da taƙama irin ta mai shi, na damƙe shi. Ƙanen mijina yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana shan koko.

"Matar yaya, ina za ki da zakarana?"

"Cinyata zan karɓa. Na jira a shinge ba ta zo ba."

Ya miƙe da ludayi a hannu. Na take fuka-fukan da ƙafa, na fuskanci gabas, na yi bisimilla da ƙarfi don ya ji, na yanka.