Yadda Na Kawo Hannun Pako Damagaram

Damagaram zuwa Yamai

Motarmu ta tashi bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Yayana Alhaji Issufu ne ya rako ni tasha, kuma shi ne ya aike ni. Ƴarsa Halimatu tana Lyon, ƙasar Faransa, tana karatun na'urorin asibiti, haɗa su da gyaransu. Saura mata shekara guda. Sai ga shi ta ƙara da koyon Sifaniyanci, kuma duk sa'ad da aka kira ta sai ta ce tana wajen Pako. Ta ce Pako mutumin roba ne da suke gwada na'urori a jikinsa. Yaya ya ce ƙarya ne, da kunnensa ya ji wani ƙato yana nishi a bayanta cikin waya.

"Roba ba ta nishi, Rabi," in ji shi. "Je ki gani. In mutum ne, ki taho mini da ita. Karatun ya ƙare."

Ni aka zaɓa don ba a yi mini daɗin baki. Na binne maza biyu, na ga yunwar da ta ƙarar da shanunmu, mota ta taɓa mutuwa da mu a hanyar Bilma har muka sha ruwan inji. Boko ne kawai ban yi ba. Wannan ma faɗa nake ana rubutawa.

Mun karya a Maraɗi, mun yi azahar a Ƙonni. Kafin Doso jandarma ya leƙo ya dubi fasfona.

"Hajiya, Faransa? Yin me?"

"Duba wani mara lafiya."

"Allah ya ba shi sauƙi."

"Sai na gan shi tukuna."

Paris

Jirgi ya sauke mu da safe. Abincin da suka ba mu a sama ban gane kansa ba, ban ci ba. A wurin binciken kaya wani kare ya shinshino kilishina, suka karɓe duka, wai doka. Karen ya fi su gaskiya, shi dai ya nuna so yake. Yajina suka bar mini.

Sanusi, ɗan ƙanen mijina na fari, shi ya tarye ni. Yana sarin tufafi a Aubervilliers, ɗakinsa can saman bene, ba abin hawa sai ƙafa. Matarsa ta yi mini tuwo da miyar kuka, na ci na dawo hayyacina. Washegari suka kai ni kasuwar Château Rouge. Ɗan ƙullin kuɓewa yuro uku. Na ajiye wa mai ita, na ce ta gaida gonar.

A metro, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, mutane cike, ba mai kallon wani. Na gaida na kusa da ni, ya kau da kai. Na tambaye shi iyali da gajiya, sai ya tashi ya bar mini kujera. Tun daga nan ban sake tsayuwa a metro ba.

Lyon

Ƙarfe takwas muka shiga jirgin ƙasa ni da Sanusi, ƙarfe goma muna Lyon. Na hana shi sanar da Halimatu, kada a ɓoye mini mutumin. Muka same ta a makarantarsu cikin farar riga. Ta gan ni ta dafe ƙirji.

"Gwaggo! Lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba kowa tukuna. Kai ni wajensa."

Ta kai ni wani ɗaki mai sanyi. Ga gado, ga Bature kwance an rufa masa zane zuwa ciki, wayoyi sun fito daga jikinsa ko'ina. Ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Idonsa yana ƙiftawa. Ina tsaye ya yi nishi, irin wanda Yaya ya ji, ya kuma yi magana. Na ja mayafina.

"Me ya ce?"

"Cewa ya yi ƙirjinsa ke ciwo, Gwaggo. Da Sifaniyanci. Haka aka ɗana shi."

"Zai yi ciwo."

Na matsa kansa. Na tambaye shi ɗan wane ne shi, yana salla, me yake nema wurin ƴar mutane. Ya ƙifta mini ido. Sanusi ya ce, "Inna, wallahi roba ce," na ce ya yi mini shiru, na ga maza da yawa sun yi kwance-kwance in an zo maganar gaskiya. Na murɗe masa kunne. Sanyi ƙalau, bai motsa ba. Amma mai taurin rai yana iya jure murɗa. Yaji ne ba wanda ke jurewa. Na kwance bakin zanena, na ɗebo, na zuba masa a hanci da baki.

Ya shaƙa. Sannan ya huro shi waje gaba ɗaya.

Halimatu ta fara atishawa, Sanusi ya kama, wasu ɗalibai biyu da ke gefe suka ruga waje suna hawaye. Malamarsu ta shigo da faɗa, ita ma ta kama. Ni kaina na yi uku. Pako ko ɗaya bai yi ba, sai wata na'ura a kansa ta shiga kuka.

Malamar ta ce wanda ya kawo baƙuwar shi zai gyara. Halimatu ta ɗauko sukudireba, tana sharɓe hanci, ta ɗaga fatar ƙirjinsa kamar murfin tukunya. Ciki ba hanta ba huhu, sai wayoyi da ƴan bututu da wata jaka mai kumbura. Ta warware su ɗaya bayan ɗaya, ta wanke, ta mayar. Har la'asar tana yi, ina zaune ina kallon hannunta. Da ta rufe, ƙato ya ci gaba da numfashi.

"To yarensa fa, na mene ne?" na tambaye ta.

"A Sifen ake ƙera su, Gwaggo. Can nake so in yi watannin ƙarshe na koyon aiki, kuma sai na ci jarrabawar yaren. Shi nake yi wa bita don ba ya yi mini dariya."

Na kwana a ɗakinta, in ka miƙe ƙafa ka taɓa ƙofa. Ta dafa shinkafa da sardin, ta ba ni wani cukunsu mai warin takalmi. Da safe na ce mata na yarda, amma ubanta ba zai yarda da bakina kaɗai ba, zai ce ta saye ni. Sanusi ya ɗauki hoto a waya. Muka duba: Bature tsirara a gado, hannun Halimatu a ƙirjinsa. Na ce ya goge kafin ya kashe mini ɗan'uwa.

Halimatu ta kai wa malamar labarin duka. Matar ta yi dariya har ta zauna. Ta buɗe wani kabad ta fito da tsohon hannun Pako, daga kafaɗa zuwa yatsu, duk hudar allura, an riga an sa masa sabo. Ta rubuta takarda ta haɗa mini. Na naɗe shi a zane, na sa tsakanin sabulai.

Komowa

A filin jirgin Paris jakata ta shiga na'ura, mai kallon ya miƙe tsaye. Suka taru. Na miƙa takardar. Babbansu ya karanta, ya kama hannun suka gaisa, ya mayar mini. A Yamai ɗan duwan, mai binciken kaya, ya buɗe zanen ya ja da baya.

"Subhanallahi! Hajiya, na wane ne?"

"Na mai shi."

"Ina mai shin?"

"Yana kwance a Lyon."

Sai da ya ga wayoyi a kafaɗar ya daina salati.

Washegari na isa gida Damagaram bayan la'asar. Yaya yana zaure da abokansa suna shan shayi. Ko ruwa ban sha ba ya ce, "Ina take? Mutum ne ko roba?"

Na warware zanen na ajiye a kan tabarma. Zauren ya watse. Wani ya bar takalminsa, wani ya fita da butar shayin a hannu. Yaya ya manne da bango.

"Rabi! Kashe shi kika yi?"

"Taɓa."

Ya taɓa da sanda, sannan da yatsa. Ya juya kafaɗar ya ga wayoyi.

"Nishin fa?"

"Batir. Ƴarka ta buɗe cikinsa a gabana ta wanke ta mayar, ya tashi. Bar ta ta gama."

Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya ɗauko waya ya kira ta.

"Halimatu, ki zauna ki ƙare karatunki. Sifen ɗin ma ki je." Ya sake duban hannun. "Shi kuma ki yi masa sannu, ki ce a yi haƙuri da Gwaggonki."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da ƙafata. Na gode wa Sanusi da matarsa, da malamar da na sa atishawa ba ta riƙe ni ba.