Murya ta Biyar a Jitar Baffa Sahabi

Kakata Inna Tumba ba ta yin tatsuniya sai tuwo ya sauka. A gidanmu na Bakura, da an idar da sallar magariba za ta ja 'yar kujerarta bakin murhu, ta tura sauran kara cikin wuta, mu jikoki mu kewaye ta da kwanoninmu. Mahaifina malami ne, a lokacin yana zaure yana ba manyan ɗalibai karatu, saboda haka ba a ɗaga murya a cikin gida. Ita ma a hankali take magana. Sai ka matso har garwashi ya fara gasa maka ƙauri kafin ka ji ta sosai.

Autanta kaɗai ke karya wannan doka, ƙanen mahaifina, Baffa Sahabi. Ya yi shekaru yana gyaran babur a Agadas, ya dawo da wata jar jita mai aiki da lantarki, da sifikar da yake haɗawa da batirin mota. Mahaifina bai ce komai ba, illa kada a ji ta a zaure. Sai ta koma ɗakin ajiyar Inna, tsakanin buhunan shinkafa.

Wani maraice Baffa ya fito da ita bakin wuta, ya rage ƙarar sifika, mu kuwa muka manta da tuwo.

"Kun ga waɗanga 'yan sanduna ukku ƙarƙashin tsirkiya?" in ji shi. "Kunnuwanta ne. Guda kusa ga wuya, guda tsakiya, guda can gindi. Wanga ɗan ƙarhe kuwa shi ka zaɓen kunnen da za ya saurara. Ita ce giya."

Inna ta ɗago kai. "Giya? Cikin gidan malam? Auta, ka ji tsoron Allah."

"Giyar mota nike nuhi, Inna, ba ta kwalba ba."

Muka yi ta dariya hannu a baki. Ya tura ɗan ƙarfen sama ya kaɗa, sai ga murya mai kauri da taushi, kamar dattijo na magana a cikin ɗaki. Ya ja shi kaɗan, ta koma kamar ana zuba ruwa a tulu. Ta tsakiya a fili take, babu wani ado. Ta huɗu kuwa ta hanci take fita kamar agwagwa, har ƙanwata Saratu ta ƙware da miya. Da ya kai shi can ƙasa, tun bai taɓa tsirkiya ba sifika ta fara wani siririn ƙugi. Ya kaɗa. Sautin ya fito da kaifi kamar ana wasa wuƙa a dutse, ya tsallake danga. Karnukan unguwa suka ɗauka.

"Ita wagga ta hi zuwa nesa," in ji Baffa, yana murmushi. "In kana fili, ita ka kai ka har bayan gari."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon wuta, sannan ta ce, "Ga wata ta taho ta bayan danga." Haka take buɗe tatsuniyarta. Muka amsa, "Ta shigo da sallama."

Ta ce an yi wani makaɗin molo a bakin gulbi, sunansa Na-Rairai. Kiɗansa na da daɗi, amma iyakarsa ƙofar gida, wanda ke zaune kusa kaɗai ke ji. Abin ya dame shi. Wata rana ya tarar da wata tsohuwa tana wanki a mashaya, ya kai mata kukansa. Ta ce ai da sauƙi, ya daina kaɗa tsirkiya ta wajen wuya, ya sauko da yatsa can gindinta. Amma ta ce masa, shi sauti ba ya da ido, in ya fita ba ya zaɓen kunne.

Ya gwada. Garin da ke tsallaken gulbi suka ji, suka aiko ya zo biki. Na gaba da su ma suka ji. Ya yi suna, ya yi riguna. Sai wani maraice yana kiɗa ya ga awaki sun daina tuƙa, tsuntsaye sun yi tsit. Ga baƙi tsaye a bakin danga, dogaye, fuska a rufe, suna warin jiƙaƙƙiyar toka. Sun tako rairayi amma babu sawu a bayansu.

A nan Inna ta ƙara rage murya. "Sunka ce mai, mun jiya ka. Mun daɗe muna jin ka. Taso, muna da suna gida."

Ya bi su. Ya yi ta kaɗa musu a cikin kurmin da rana ba ta shiga. Duk sanda ya so mayar da yatsa sama don ya huta, sai duk fuskokin su juyo gare shi.

"Ya dawo?" in ji Saratu.

"Wa ya sani? Masu kamun kihi dai sun ce suna jiyo shi in ruwa ya janye." Ta kakkaɓe zaninta. "Ta koma inda ta hito. Ku wanke hannu."

Baffa ya yi 'yar dariya ya ce Inna da shi take. Amma na ga ya cire wayar batiri kafin ya tashi.

Shekaru suka tafi. Na koma Talata Mafara karatu, daga baya na zauna can da aikin koyarwa. Inna ta rasu kafin hanyoyi su lalace. Baffa kuwa ya yi suna kamar yadda yake so. Daga Morai har Tsibiri ba a bikin fili sai da shi, ya sayi manyan sifiku, kuma kusan kullum ɗan ƙarfen nan a ƙasa yake, don ta nan kaɗai yake fin ƙarar janareto da ganguna. Sannan aka fara kwashe shanu, aka fara tare hanya, bukukuwa suka koma cikin gida kafin la'asar.

Wata rana Baffa yana dawowa daga wani biki a ƙasar Maradun, jita a bayansa, masu bindiga a kan babura suka tare shi. Abokin tafiyarsa suka ce ya juya. Shi kaɗai suke so, kuma da sunansa suka kira shi.

Ba su nemi komai daga gare mu ba, abin da ya fi tsorata mu ke nan. Bayan kwanaki ya shigo gida da ƙafarsa, ya rame, yatsunsa sun fashe, babu jita. Muka yi ta godiya ga Allah. Sai wani hoton bidiyo ya fara yawo a wayoyi: mutane fuska a naɗe suna rawa da bindigogi a sama, a bayansu garken shanun da wasu suka gane nasu ne. Ba a ga Baffa ba. Ba a buƙatar ganinsa, kowa ya san wannan kaifin sautin. Gaisuwar da ake yi masa mai tsawo ta koma ɗaga hannu. Wata mata da aka kashe mijinta ta tofar da yawu da ya wuce. Mahaifina, wanda bai taɓa son jitar ba, shi ya riƙa kama hannunsa zuwa masallaci. Duk da haka Baffa bai iya zama ba, ya koma Sakkwato yana facin taya.

Na daɗe ina ɗauka cewa na gane tatsuniyar Inna: kada ka so a ji ka nesa. Bara na je wurin Baffa, muna zaune kan tsohuwar taya, na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba, ko ya gwada sassauta wa masu bindigar kiɗan.

"Na gwada," in ji shi. "Da hannuna ya gaji na tura giyar sama, wajen wuya. Na kaɗa a hankali. Wuri ya yi shiru. Sai wani dogo da ke tsarona ya zamna ƙasa, ya kwance rawaninai, shina hawaye. Ya ce, Sahabi, da wagga murya ka raka ƙanwata ɗakin miji. Ni na ɗauko maka sifika ranar."

"Ka san shi?"

"Na san shi. Kai ma in ka gan shi za ka ce ka taɓa ganin shi. Babbansu ya daka tsawa, na maida ta ƙasa, shi kuma ya naɗe huskarshi." Ya murza yatsunsa. "Da zan taho shi ya rako ni bakin hanya. Ya ce in ina son saƙo in neme shi kasuwar Mafara. Kowace Talata yana shiga sayen gishiri da batir."

Inna ta ba baƙinta ƙafar da ba ta barin sawu, ina jin don mu iya barci ne. Na gaskiya suna da ƙanne, suna kuka, suna taya ciniki. Ni dai har yanzu ina zuwa kasuwa duk Talata, don dole a ci abinci. In dogon mutum ya yi mini sallama a rumfar gishiri, nakan amsa masa da kyau, in tambayi gida da iyali, in bar shi ya riga ni tafiya.