Hannun Anti Rabi

Akwai wata safiyar Alhamis a daminar 2001 da har yau ban manta da ita ba. Duk sanda na ji ɗayanku, ku masu koyon gyaran kwamfuta, ya tsare kwastoma yana tambayarsa "me ka taɓa?" sai ta faɗo mini a rai. Bari in ba ku labarin, ko da yake ba ni ne na fita kunya a cikinsa ba.

A lokacin ina aiki a wani shagon intanet a Agege, a bene, saman wani mai sayar da tayoyin okada, wato baburan haya. Mai shagon, Alhaji Ɗanjuma, dillalin fata ne a Oko-Oba. Bai san kwamfuta ba, bai kuma taɓa yin kamar ya sani ba. Ya dai ga 'yan makaranta da 'yan kasuwa na hawa motar haya ta danfo har Ikeja don aika saƙo ɗaya, sai ya sayi injina tara ya zuba. Mu biyu ne ma'aikata. Ni ne mai kula da injinan, da sabuwar diflomata a aljihu. Ana ce mini Injiniya, ni kuwa ban taɓa hana kowa ba.

Ɗayar ita ce Anti Rabi, haifaffiyar Legas, mai Yarbanci a baki kamar Hausa. Ta fi shekara ashirin tana buga tafireta a wani ofis kafin kwamfuta ta zo a sallame su. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, don haka ta zauna ta koyi kwamfuta da girmanta. Ita ce ke rubuta wa waɗanda ba su iya boko ba saƙonsu, ita ce kuma ke buɗe shago da ƙarfe takwas ta kunna injina. Ni a Ebute Metta nake kwana, sai wajen goma nake isowa, in zauna har a tashi.

Ga yadda tsarin yake, don ku da kuka tashi kuka tarar da intanet a aljihu. Layin waya ɗaya muke da shi. Injin ɗaya ne, wanda muke kira saba, yake ɗaure da layin a ƙuryar shago, sauran takwas ɗin ta wajensa suke samun hanya. A cikin burauzar kowane inji, wato manhajar buɗe shafuka, akwai wani ɗan akwati da ake rubuta adireshin saba, jerin lambobi ne. Idan lambobin na nan daidai, shafi zai buɗe. Idan aka canza ko ɗaya, injin ya kurumce.

Wata Asabar na sayo sabon antibairus, wato manhajar kashe ƙwayoyin cutar inji, a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, saboda ƙwayoyin cuta sun dame mu, kowa na zuwa da faifansa daga waje yana cusawa. Wannan sabon yana da wani sashe da na baya ba shi da shi, mai duba kowane shafi kafin ya bayyana a allo. Da aka watse da yamma na saka shi a injina takwas ɗin, ina danna "ci gaba, ci gaba" ba tare da na karanta komai ba, don ina sauri kada in rasa mota. Na kashe su, na kulle, na tafi. Lahadi ba ma buɗewa.

Ranar Litinin da na iso, na tarar da mutane a kan benci kowa ya haɗe rai, Anti Rabi na ba su haƙuri da Hausa da Yarbanci. Babu injin da ke buɗe shafi. Na leƙa saba, lafiyarsa ƙalau. Na zauna a inji na farko na buɗe akwatin nan, sai na ga adireshin saba ya ɓace, wasu lambobi ne a wurin. Na goge na mayar da na gaskiya, shafi ya buɗe. Cikin minti goma na zagaye takwas ɗin. Wani mai jiran saƙo daga ƙanensa a Jidda ya ce, "Injiniya, hannunka akwai albarka." Wallahi na ji daɗin maganar.

Na tambayi Anti ko ta shiga wajen saiti. Ta ce ita maɓallin kunnawa kawai ta danna, kamar kullum. Na ce to, amma a raina na ce tsufa ne.

Antibairus ya faɗo mini a rai, ba zan ce bai faɗo ba. Talata da abin ya sake faruwa, na kashe shi a inji ɗaya na gwada, shafi bai buɗe ba. Daga nan na wanke shi daga zargi. Ga shi kuma wani abokina na amfani da irinsa a ofishinsu ba matsala. Ban tsaya na tuna cewa shi injinsa ɗaya ne, kai tsaye yake a kan layi ba saba a tsakani.

Haka muka yi sati uku. Kowace safiya shago a mace na awa biyu, in zo in tashe shi. Idan wani inji ya maƙale da rana aka sake kunna shi ya kurumce, sai in ce kwastoma ne ya yi ƙarambani. Ɗauke wuta bai tona asirin ba, don muna da batiran da ke riƙe injina kafin a ta da janareta. Masu zuwa da safe suka fara komawa wani shago da aka buɗe kusa da tashar jirgin ƙasa. Har aka fara tsokanar Anti. In ta nufo inji sai wani ya kare allo da hannu yana cewa, "Anti, ejo, don Allah, bari in gama tukuna." Takan yi murmushi, amma na ga ta daina fitowa da abincinta ta ci tare da mu.

Talatar sati na huɗu Alhaji ya kira ni baranda. Ya ce, "Injiniya, gaya mini gaskiya. Injinan ne ko matar nan ce?"

Na ce, "Oga, ni dai kullum gyarawa nake yi, kullum da safe in tarar an ɓata."

Ban ambaci sunanta ba, amma na san abin da na faɗa. Alhaji ya jinjina kai. Ya ce, "Akwai masu hannu irin haka. Ko a wajenmu akwai wanda in ya sa wa fata gishiri sai ta ruɓe, ba don mugunta ba. Ina jin tausayinta, amma ba zan rufe shago saboda tausayi ba. Ta ƙarasa zuwa Asabar." A ranar ya gaya mata.

Laraba da azahar, shago ya ɗan yi sauƙi, ta ja kujera ta zauna kusa da ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙo mini wata takarda.

"Ƙanena, duba nan. Kwana goma ina tsayawa a bayanka ina kallon abin da kake gogewa. Ɗaya, biyu, bakwai, ɗigo, sifili, ɗigo, sifili, ɗigo, ɗaya. Shi ne a inji na farko, shi ne a na takwas, shi ne jiya, shi ne yau. Ni mai tafireta ce. Na san kuskuren hannu. Hannu ba ya yin kuskure iri ɗaya sau takwas kowace safiya."

Na kalli takardar, kwana goma a jere da rubutunta mai kyau. Ni da nake goge lambobin kullum, ban taɓa tsayawa na karanta su ba.

Ta ce, "Abu ɗaya nake roƙo. Gobe ka zo kai ka buɗe. Ni zan zauna a benci."

Alhamis na bar Ebute Metta ana idar da sallar asuba, ruwa na tsuga. Ƙarfe bakwai da rabi ina bakin ƙofa, na tarar da ita a tsaye da lema. Ta ba ni makulli, ta zauna a benci ta sa hannuwanta cikin hijabi. Na kunna saba, na kunna inji na farko da yatsana, na buɗe burauza. Allo fari, shafi ya ƙi zuwa. Na buɗe akwati, ga lambobin nan na takardarta.

Daga nan na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko, wato in canza abu ɗaya, in sake kunnawa, in duba. Na mayar da adireshin saba na sake kunna injin, ya sake gogewa. Na hana antibairus tashi tare da injin, na mayar da adireshi, na sake kunnawa, wannan karon adireshi ya zauna daram. Na bar antibairus ya tashi amma na kashe sashen duba shafuka kaɗai, nan ma ya zauna. Na kunna sashen, ya goge. Mai laifi ya fito.

Lambobin nan, a harshen kwamfuta, ma'anarsu "wannan injin da kansa". Sashen duba shafuka yana so kowane shafi ya biyo ta hannunsa, don haka duk sanda inji ya tashi sai ya cire adireshin saba daga burauza ya sa nasa. Wannan ba laifi ba ne, aikinsa ke nan. Sai dai shi ma yana da nasa akwatin, inda ya kamata a gaya masa inda saba yake don ya wuce da saƙon gaba. Na buɗe na ga akwatin fanko. Yana cikin tambayoyin da na tsallake ranar Asabar. Shi ya sa kashe antibairus da na yi bai nuna komai ba: burauza na can tana ƙwanƙwasa ƙofarsa, ko yana nan ko ba ya nan. Abin da ya fi ba ni kunya, gyaran da ake yaba mini kullum zagaye antibairus ɗin nake yi. Sati uku injina na yawo a intanet duk yini ba mai duba musu shafi.

Na rubuta adireshin saba a akwatin antibairus, na bar burauza yadda ya mayar da ita. Na kashe na kunna sau uku, shafi na buɗewa. Aikin bai kai minti biyu ba.

Na gyara shida, saura biyu, sai hannuna ya tsaya. Wani tunani ya zo mini, kuma ba zan ɓoye muku ba, tunanin ya yi mini daɗi da farko. Idan na ƙarasa na yi shiru, ba wanda zai sani. Anti ta ga ina ta danne-danne, amma ba ta san me na samu ba. Alhaji zai ga matsala ta ƙare a satin da ya sallame ta, ya ce ai dama ya faɗa. Duk Agege za a tafi a kan cewa hannunta ne, ba kuma shagon da zai sake ɗaukarta. Ni kuwa ina nan Injiniya. Na ɗan zauna a gaban inji na bakwai ina kallon allo. Sannan na kashe shi da na takwas ba tare da na gyara su ba, na sauka wajen mai tayoyi na roƙi yaronsa na okada ya ɗauko mini Alhaji a Oko-Oba.

Ya iso wajen tara da rabi, rigarsa a jiƙe, ransa a ɓace. Na ce, "Oga, don Allah kunna wancan da hannunka." Ya kalle ni, ya yi bisimilla ya danna. Allo fari. Na ce ya kunna na takwas, shi ma haka. Kwastomomi biyu da suka shigo suka fara danne dariya.

Ya ce, "To, ni ma hannun nawa ne?"

Na ce, "A'a, Oga. Nawa ne." Na yi masa bayani da misalin da zai gane: na ɗauki sabon mai gadi na ce duk wasiƙa ta biyo ta wajensa, amma ban nuna masa hanyar gidan waya ba. Na gaya masa ranar da na yi haka, na kuma gaya masa Anti ce ta gano lambobin, ba ni ba.

Alhaji ya kalle ni. Na zaci ni zai kora, kuma da ya yi bai zalunce ni ba. Sai ya juya wajen benci ya cire hularsa ya sake sawa. Ya ce, "Rabi, na ɗauki alhakinki. Ki yafe mini. Maganar Asabar babu ita." Ni kuwa hukuncina shi ne wata guda ni zan riƙa buɗe shago ƙarfe takwas.

Bayan ya tafi na je na durƙusa kusa da kujerarta na ce, "Anti, ki yi haƙuri."

Ba ta ɗago daga wasiƙar da take bugawa ba. Ta ce, "Na yafe, ƙanena. Amma sati uku ina gaya maka ban taɓa komai ba. Ba ka yarda ba sai da inji ya gaya maka."

Mun yi shekara biyu tare bayan haka, ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Ni ne maganar ba ta bar raina ba. Ta fannin aiki, abin da na koya kaɗan ne kuma kun san shi: ka karanta abin da kake dannawa, ka canza abu ɗaya a lokaci guda, kada ka ce ka gyara inji sai ka kashe ka kunna ka gani. Gyaran da kake maimaitawa kowace rana kuwa ba gyara ba ne. Ɗaya darasin ya fi nauyi. A wannan sana'a, wanda bai iya yarenmu na kwamfuta ba ba ya iya kare kansa, don haka laifi na saurin sauka a kansa, kuma maganar mai gyara ɗaya ta isa ta raba mutum da abincin 'ya'yansa. In mutum ya ce muku bai taɓa komai ba, ku ja masa kujera ku tambaye shi me ya gani.