Littafin da Aka Naɗe Tsire da Ƙarshensa

Shekarun baya, tun muna zaune a ƙauyenmu can wajen Tsaskiya, ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba, amma na san littattafan wani marubuci kamar ni na rubuta su. Abokina ne sanadi. Tela ne, ya yi firamare, kuma da wuya ya je kasuwa bai dawo da littafi a aljihu ba. Bayan la'asar, in na taso daga gona, sai in zauna bakin shagonsa, shi kuma ya sauke ƙafa daga keken ɗinki ya karanta mani.

Cikin duk abin da yake karantawa, ba wanda ya kama mu kamar na wannan marubucin. Labaran kisan kai yake rubutawa, da wani tsohon ɗan sanda mai bin sawun mai laifi a hankali, wanda ba ya cire hularsa sai ya gano gaskiya. Muka ɗauki wata al'ada: in an kusa ƙarshe, sai abokina ya rufe littafin, kowa ya faɗi wanda yake zargi. Ban taɓa canka daidai ba. Ni dai duk wanda aka ce idanunsa jajaye ne, shi nake kamawa.

"Da kai ne alƙali, mutumina," in ji shi, "da tuni an gama da masu ciwon ido a ƙasar nan."

Mun karance su kaf, wasu har mun maimaita. Amma mai sayar da littattafai ya taɓa gaya mashi akwai saura guda da bai iso wajenmu ba. Ya yi ta cigiya har ya gaji.

Sai zaman ƙauye ya gagara. Ba sai na ba ku wannan labarin ba, duk ɗan yankinmu ya san shi. Muka kwashi abin da ya kwasu muka dawo Batsari, littattafan kuwa suna cikin abin da bai kwasu ba. Ba a jima ba ciwon suga ya taɓa idon abokina. Tun yana gani dishi-dishi, har zura zare a allura ya gagare shi. Ya koma zaman zaure. In na je sai mu gaisa, mu yi jajen gari, mu yi shiru.

Wannan shirun ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci, da furfurata a gemu. Da na gaya mashi gemu ba ya hana ilimi, cewa ya yi haka ne, amma nawa gemun ya yi kauri da yawa. Na yi haƙuri da dariyar mutane, na yi haƙuri da kaina da ke da tauri, har baƙaƙe suka fara haɗuwa suna magana. Duk wanda ya koyi karatu da girma ya san cutar da ke biyo baya: ba ka iya wuce rubutu. Bayan mota, buhun taki, kwalin magani, duk sai na tsaya na karanta.

Wata ranar kasuwa na sayi tsire zan kai mashi. Ina tafe sai idona ya faɗa kan takardar da aka naɗe shi. Maiƙo ya jiƙa ta, yaji ya manne, amma na sa yatsa na bi layin farko. Sai ga sunan tsohon ɗan sandan nan. Na sake bi don kada ko idona ne. Shi ne. Na ƙara layi biyu, na ji sunayen mutanen da ban taɓa jin su ba a duk zaman da muka yi a bakin shago.

Ban san lokacin da na tsaya tsakiyar hanya ba, sai da wani mai babur ya tambaye ni ko gidanmu ne nan. Ina ta murmushi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa bushara. Tun da muka baro ƙauye ban ji irin wannan daɗin ba.

Na koma da sauri. Ga littafin nan kife a gefen tukubar mai tsiren, bangon bayansa ya fita, shi kuma yana ta cirar takarda daga sama. Hannunsa ya kai zai yago wata na riƙe shi.

"Sarkin fawa, don Allah dakata."

"Lafiya, Malam? Naman ne bai yi ba?"

"Naman ya yi. Takardar nake so."

Ya dube ni, ya dubi littafin. "Yau na ga abu. Shekara da shekaru ina sana'ar nan, ba wanda ya taɓa dawowa don takarda."

Ya ce cikin tarkacen da wasu 'yan gudun hijira suka sayar ya same shi, shi bai san abin da ke ciki ba. Bai yarda ya karɓi komai ba, ya ce in dai kawo mashi abin naɗi a madadinsa. Na zagaya wajen magina na samo takardar buhun siminti. Da na tambaye shi sauran shafukan, sai ya nuna kasuwa da wuƙarsa: "Suna hannun jama'a."

Na isa zauren abokina na sa mashi littafin a hannu. Ya shafa, ya kai hanci. "Wannan littafi ne ko ƙuli-ƙuli?" Sai na karanta mashi sunan da ke bango. Ya sake shafa bangon. Can ya gyara zama ya ce, "To, bismillah. Yau kai ne a kan keke."

Karatuna na tafiyar hawainiya ne. Abin da shi kan gama a 'yan kwanaki, ni sai da na kwashe makonni. In na ci tuntuɓe a kalma, shi da ba ya gani shi ke gyara mani. "Koma baya, mutumina, ba a kashe mutum da garwa, duba dai da kyau." Wani layin sai na maimaita shi sau da yawa kafin ya miƙe. Amma zauren ya daina shiru.

Ranar da muka iso shafin nan mai maiƙo, tsohon ɗan sanda ya tara mutanen gidan mamacin, ya cire hularsa. Nan takarda ta ƙare.

"Shi ke nan?" in ji shi.

"Shi ke nan. Saura an ci da albasa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sa'an nan ya ce a yi yadda aka saba. Shi ya kama dillalin shanu. Ni na ce ƙanen mamacin ne, don a wani layi da ya ba ni wahala na yi ta maimaitawa, na ji ya faɗi abin da bai kamata a ce ya sani ba.

"Idanunsa jajaye ne?"

"A'a."

"To ka fara hankali. Amma ba ka canka ba. Nemo mana cikakke in nuna maka."

Na nema. Na ba direbobin Katsina sallahu, na ba na Kano. Kullum na shigo, bayan gaisuwa sai ya ce, "An samo?" In ce tukuna. Jikinsa kuwa kullum ja baya yake yi. Da damina ta sauka Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙan shi, Ya sa ya huta.

Sai bayan kaka wani direba ya kawo mani cikakken littafin. Na zauna ni kaɗai na bi shafukan ƙarshe da yatsa. Ƙanen mamacin ne. Har na miƙe na sa takalmi, sannan na tuna ba inda zan je.

Yau duka biyun suna nan a akwatina, amma mai maiƙon na fi ɗaukowa. Na karanta littattafai da dama tun daga lokacin, karatun ma ya ɗan yi sauri. Sai dai na gane daɗin da na ji a tsakiyar kasuwa ba na littafin ba ne shi kaɗai, na sanin akwai wanda zan kai mawa ne. Sau ɗaya tak na taɓa cin abokina a canke, kuma ba ya nan balle ya ce mani sa'a ce.