Wayar Yaya mai kitso

Yayata mai kitso ce, kuma hannunta ba ya zafi. A ɗan shagon da ke ƙarƙashin bene take aiki, daga tabarma sai kujera 'yar tsugunno da madubin da ya tsage ta gefe. Tun da mijinta ya rasu, da tsinken kitson nan ta riƙe 'ya'yanta. Ba ta da surutu, amma in ta kama kai takan ce, "Ke da gashin nan gaba kuke yi ne?" a kwashe da dariya.

Al'adarta ce ta rikice mata, ta zo ta ɓace yadda ta ga dama. Wata nas ta sa mata manhaja a waya, ta ce ta riƙa taɓa duk ranar da ta ga jini don likita ya gane. Yaya ta bi umarni kamar 'yar makaranta.

Sai dai wayar mai kitso ba tata ba ce ita kaɗai. Duk wadda ta zauna, ita ake miƙa wa ta zaɓi salo a cikin hotuna. Ran nan wayar tana hannun matar mai gidan haya saƙo ya faɗo: al'adarki ta makara, wataƙila kina da juna biyu.

Matar ta miƙo wayar tana murmushi. "Ashe abin arziki ya samu, Yaya, ba a gaya mana ba?"

Kafin magariba zancen ya gama layi. Mata suka janye ƙafa, wasu ma mazansu ne suka hana su. Abin takaici, cikin Yaya ya soma tasowa da gaske.

Na ce, "Yaya, don Allah mu je asibiti."

Ta ce, "Benci ɗaya ne fa da masu awon ciki. In zauna a can, ai na gaskata su ke nan."

Haka ta yi ta ɗaure ciki da zane tana ramewa, har ranar da ta faɗi a shago. Ƙari ne a mahaifa. Likita ya ce da mun zo da wuri da an yi wani abu. Ba a daɗe ba Allah ya yi wa Yaya rasuwa.

Har yau raina na ɓaci. Ranar zaman makoki, wata ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya, ta ce, "To jaririn fa, wa aka bai wa?"