Baba Gwada Mai Takalma

Baba Gwada muke ce masa a layinmu, domin ba ya yarda mutum ya sayi takalmi bai zura ƙafa ba. Ko ka ce sauri kake, sai ya jawo maka benci ya ce, "Zauna ka gwada, ɗana, ba inda takalmin zai gudu." Ni aski nake yi, bango ɗaya ya raba shagona da nasa, don haka yawancin abin da zan faɗa a idona aka yi shi.

Da talla ya fara tun yana saurayi, buhun silifa a bayan keke, yana bi gida-gida. Matarsa, wadda duk muke kira Inna, ta sha ba mu dariya da labarin ranar da ya fara zuwa wurinta. Takalmi ya kawo mata, ya durƙusa zai sa mata da hannunsa, yayanta ya biyo shi da tsintsiya har waje. Daga baya ya kama wannan shago mai ƙofa ɗaya. Kwalaye ne tun daga ƙasa har rufi, ga tsanin katako, ga madubi a jingine da bango wanda ba ya nuna komai sai ƙafa. Kana shiga warin sabuwar roba da fata zai tare ka. Da shagon nan ya sa 'ya'yansa makaranta, da shi ya aurar da su.

In lokacin komawa makaranta ya yi, ba ka samun wurin tsayawa. Baba na tsugune, yana danna babban yatsansa a bakin takalmi don ya ji inda yatsun yaro suka tsaya. Ciniki kuwa yana sonsa kamar yadda wasu ke son ƙwallo. A ja, a saki, mai saye ya yi fushi ya fita, Baba ya bi shi har bakin titi yana cewa, "Haba, dawo mana, wasa nake!" Sai ka gan su sun dawo suna dariya.

Abin bai zo masa rana ɗaya ba. Mutane ba su daina shigowa ba, shi ya sa ya daɗe bai gane ba. Za su zauna, ya hau tsani ya sauko da kwalaye, su gwada, su taka a gaban madubi, sannan su ciro waya su ɗauki hoton takalmin da lambar jikin kwalin. "Baba, zan dawo." Har yaba su yake yi. Ya taɓa ce mini, "Yaran yanzu akwai ladabi, ba sa sayen abu sai sun nuna wa na gida."

Wata rana da hantsi wani mai babur ya tsaya a ƙofarmu, ƙaton akwati a bayansa, yana tambayar gidan wata nas, ma'aikaciyar asibiti. Baba ya san kowane gida a unguwar, sai ya fito yana masa kwatance. Mutumin ya buɗe akwatin ya duba sunan, sai ga kwalin takalmi, irin wanda nas ɗin ta gwada wajen Baba a satin.

"Daga wane shago?" in ji Baba.

"Ba shago ba ne, Baba. A waya ake saye, mu kuma mu kawo."

Baba ya ƙarasa kwatancen. "In ka wuce famfo, ƙofa mai shuɗin fenti." Ya koma ciki. Ranar yadda Inna ta aiko da abinci haka ya koma a rufe.

Kada a ce bai yi ƙoƙari ba. Surukinsa, mijin babbar 'yarsa, ya saya masa waya ya koya masa. Baba ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan benci yana ɗaukar hoton takalma, rabin hotunan da yatsansa a ciki. Saƙo zai shigo, ba sallama ba gaisuwa: "Nawa?" Shi kuma sai ya danna ya fara saƙon murya. Ya gida, ya yara, takalmin na waye, ƙafar mai faɗi ce ko siririya? Kafin ya kai ga farashi mutum ya tafi. In ma ya kai, bai tsira ba. Masu sayarwa a waya daga masana'anta suke ɗauko kaya, shi kuwa daga hannun dila, ko ya yafe ribarsa duka nasu ya fi araha.

Abin da ya karya shi wata mata ce da ya san ta tun ba ta iya ɗaura igiyar takalmi ba. Ta zo da ɗanta zai shiga aji ɗaya. Baba ya yi murna ƙwarai, yana ta ce wa yaron, "Miƙo ƙafa, jikana." Yana cikin ɗaura igiya, uwar ta ciro waya a hankali. Sai yaron ya ce da ƙarfi, "Mama, ba kin ce gwadawa kawai za mu yi ba, a waya za ki saya?"

Ina tsaye a bakin ƙofa, na rasa inda zan sa idona.

Baba bai ɗago ba sai da ya gama ɗaurin. Ya danna bakin takalmin, ya ce, "In za ki saya, ki ƙara lamba ɗaya. Ƙafarsa na saurin girma."

"Baba, wallahi abubuwa ne suka yi mana yawa. Yara uku ne a makaranta."

"Na sani, 'yata. Ba ki yi laifi ba."

Ta ja yaron suka fita tana share ido da gefen mayafi. Shi kuma ya daɗe a tsugune, takalmin a hannunsa.

Shekara ba ta zagayo ba ya saki shagon. Wani kamfanin kai kaya ya kama wurin, aka cire kantocin, aka mai da shi inda mutane ke zuwa karɓar abin da suka saya a waya. Da manajan ya ji Baba ya san kowa, sai ya ba shi aikin miƙa kaya, ya kuwa karɓa don zaman gida ya ishe shi. Haka ya riƙa tsayawa a cikin shagonsa na dā, yana miƙa wa tsofaffin abokan cinikinsa kwalaye a naɗe da leda. Wasu su gaishe shi a sunkuye, wasu su aiko ƙannensu. Bai jima ba hawan jini ya kayar da shi a bakin aiki, ɓarin jikinsa ya shanye.

Yanzu ni nake zuwa gidansa ina yi masa aski. Ragowar kayan suna jibge a ɗakin kwanansu, gam ya bushe, tafin wasu ya fara ɓarewa. Inna ta ce an zo za a kwashe su a kan ko nawa ne, ya hana.

Satin jiya ina shafa masa sabulu a haɓa, ya motsa baki da ƙyar ya ce, "Layin da mutane?"

Na ce, "Da mutane, Baba. Ana ta gaishe ka."

Ya lumshe ido, bai tambayi wa da wa ba. Inna ta tashi ta ce bari ta duba ruwan da ta ɗora, ta fita, har na gama askin ba ta dawo ba.