Ambulan Ɗin Mai Walda

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da muka fara buɗe akwatin neman kwangila a bainar jama'a. Lokacin ina ƙaramin jami'i a sashen sayen kayayyaki na wata ma'aikatar gwamnati a Wudil. Ku da kuka shigo wannan aiki daga baya ba ku ga zamanin soja ba. A da, 'yar takarda ce ke saukowa daga sama, namu sa hannu kawai. Bayan dawowar mulkin farar hula aka yi doka: a tallata aiki, kowa ya rubuta farashinsa ya liƙe a ambulan, a buɗe a gaban kowa.

Aikin na famfunan tuƙa-tuƙa ne na ƙauyukan Indabo. Waɗanda ake sayowa daga waje, da sun lalace shi ke nan, babu kayan gyara, sai mata su koma ɗibar ruwan kududdufi. Cikin masu nema har da Malam Sabi'u, wani mai walda a Sabon Gari. Ya ƙera nasa famfon, wanda duk abin da ya lalace a jikinsa ana samunsa a kasuwar Wudil.

Ana gobe za a buɗe akwatin, Daraktan sashenmu ya kira ni ofis. Kowa ya san yana da nasa ɗan kwangilar.

"Malam Habu, ambulan ɗin mai waldan nan ai ya makara, ko?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a kan lokaci ya zo. Na shigar da shi rajista a gaban shaidu."

Ya daɗe yana kallona. "To, ka dai tuna kana da iyali."

Washegari na karanta farashin kowa. Na Malam Sabi'u ne mafi sauƙi. Injiniya Rifkatu, mai duba ingancin kaya, ta sa aka kafa famfon aka gwada shi mako guda, ta rubuta cewa ya yi. Kwamiti ya ba shi aikin. Ni kuwa aka mai da ni sashen sito, na yi shekaru ba ƙarin girma.

Ban yi nadama ba. Abin da na koya shi ne, masu basira suna nan a bakin titi, ƙofa ce ba a buɗe musu. Doka kuma ba ta da baki. Ranar da aka kira ɗayanku ofis aka rufe ƙofa, shi ne zai yi magana a madadinta.